Yadda Lissafin Marasa Lafiya Ke Tafiya Daga Badarawa Zuwa Janeba

Sau da yawa za ka ga an tura hoto a WhatsApp ana cewa Najeriya ta fi Ghana masu zazzaɓin cizon sauro. Shin ka taɓa tambaya daga ina wannan adadi ya fito?

A asibitin unguwa irin na Badarawa, ma'aikaciyar lafiya tana rubuta duk wanda ya zo a cikin rajista. Ƙarshen wata sai a tattara jimilla a fom, a kai ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, a shigar cikin manhajar DHIS2. Daga nan Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja ke gani, wani ɓangare kuma ya wuce Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke kula da manhajar, kyauta ce, kuma ƙasashe fiye da 70 na amfani da ita, har da Nijar da Ghana.

To ina matsalar? Manhaja ɗaya ba ta nufin ƙidaya ɗaya. Wani asibiti yana ƙirga wanda aka gwada jininsa ne kawai, wani kuma duk mai zazzaɓi. Wanda ya sayi magani a kemis bai shiga rajista ba.

Shi ya sa ake haɗa kundin da ke bayyana kowane tarin bayanai: wa ya tattara, wace shekara, me aka ƙirga, wa aka bari a baya. Kamar lambobin wayarka ne, lamba ba suna ba ta da amfani. Cibiyar IHME da ke Amurka tana da irin wannan kundi mai suna GHDx. Cututtuka ma suna da lambobi na duniya: a tsarin ICD-10, B50 ita ce maleriyar falciparum, B54 kuma wadda ba a fayyace nau'inta ba. Sabon tsarin ICD-11 ya fara aiki a Janairun 2022.

Wannan ba wasa ba ne, domin da waɗannan alƙaluma ake tsara rabon gidan sauro da magani. Unguwar da ba a ƙirga daidai ba, kasonta ne ke raguwa.

Idan kana koyon rubuta manhaja, gwada DHIS2 Capture a Play Store. Idan kuma aka turo maka adadi, fara tambayar wa ya ƙirga kafin ka tura wa wani.