Gargaɗi ga Iyayen Ɗalibai a Gwarzo da Kabo: Damuwa Ce ke Buɗe wa Ƙwaya Ƙofa

Iyaye da malamai na Gwarzo da Kabo, ku saurara. Akwai ɓarnar da ke bin 'ya'yanmu har ɗakin kwanansu a manyan makarantu, kuma ba ta zuwa da sunan shaye-shaye. Da sunan taimako take zuwa. Aboki ne zai miƙa wa yaro ƙwaya ana gobe jarrabawa, ya ce masa, "Sha ɗaya kawai, za ka kai asuba kana karatu."

Ilimi mai zurfi ya matso kusa da mu, alhamdu lillahi. Ga Makarantar Nazarin Muhalli a Gwarzo, ga kwalejin fasaha ta tarayya da aka amince da kafawa a Kabo a 2022, ga masu bin titin Gwarzo zuwa Jami'ar Bayero. Amma ku dubi zamanin da yaran nan suka tarar. A 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. Ɗan manomi da ya bar gida da kwanon gari da ɗan ƙuli-ƙuli yana kwana da lissafin kuɗin rajista, da na haya, da tunanin ko akwai aiki bayan an gama. Ba zai faɗa wa Baba ba, domin ya san akuya aka sayar aka biya na bara. In an kira shi a waya, sai ya ce lafiya lau.

Wannan "lafiya lau" ɗin ce nake tsoro.

Cikin ƙwayoyin da damuwar nan ke buɗe wa ƙofa akwai tiramadol, maganin ciwo mai ƙarfi, na likita. Wanda ya sha don ya hana kansa barci zai ji kuzari kwana biyu, daga nan jiki ya saba, ɗaya ta daina isa. In ta yi yawa tana kada mutum da jijjiga irin ta farfaɗiya, tana iya danne numfashi. In ya ce zai bari farat ɗaya, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci, sai ya koma. Mun ga irin wannan da kodin: sai da ta ci matasa maza da mata, har da matan aure, kafin gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai ɗauke da ita a Mayun 2018. Binciken da aka gudanar da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a wancan lokaci ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Kada mu jira a sake ƙirga da namu a ciki.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Yaro mai fara'a ya koma shiru, ya rame, ya daina zuwa aji da jam'i, yana yawan neman kuɗi ba dalili. Yarinya ta dawo hutu ta kulle kanta a ɗaki tana kuka. Kada a yi saurin cewa sammu ne ko iskanci. A yi addu'a, a kuma kai asibiti. Ɗaya ba ta hana ɗaya. A fara da Babban Asibitin Gwarzo, in ta kama a wuce asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano. Duka da ɗaurin mari ba sa warkar da kowa, sai dai su koya wa yaro ɓoye ciwonsa. Wanda kuwa ya fara cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi likita a ranar.

Shugabannin makarantu, ofishin ba da shawara ba allo ne a jikin ƙofa ba. A zaunar da ƙwararre mai riƙe sirri, a kuma taimaka wa ɗalibai su cike takardun bashin karatu na NELFUND, wanda ba shi da ruwa, ko yunwa ta ragu. Masu kemis, ku ji tsoron Allah, kada ku sayar ba takardar likita.

Ku kuma ɗalibai, wanda ya ga abokin ɗakinsa ya canja ya faɗa wa babba. Wannan ba tsegumi ba ne. Baba, Inna, yau ɗin nan ku kira ɗanku. Kafin ku tambayi sakamakon jarrabawa, ku tambaye shi me ya ci, kuma yana samun barci kuwa?