Kiwon Zuma: Damina Ce Lokacin Yunwa

Yawancin littattafan kiwon zuma da ke makarantunmu daga Ingila ko Amurka suka fito, dukansu kuwa suna gargaɗin mai kiwo ya shirya amyarsa kafin sanyi ya shigo. A can daidai ne, gama da sanyi babu fure, sai ƙudan su dunƙule wuri ɗaya suna ɗumama juna, suna cin abin da suka tara. Saboda haka a kan bar musu zuma kamar kilo 18 zuwa 20. Amma malamin da ya koya wa yaran Minna wannan yadda ya ke a rubuce, ya ɓad da su. A wurinmu tsakiyar damina ce lokacin yunwar ƙudan zuma, ba hunturu ba.

Ga dalili. Manyan itatuwanmu da rani su ke fure. Mangwaro da kaɗanya su kan fara wajen Disamba ko Janairu, ɗorawa ta biyo baya. Amma Minna tana samun ruwa kamar milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. A sa'an nan ruwa ya kan wanke zaƙin fure, ya kuma tsare ƙudan a ɗaka. To, bisa ga wannan ya kamata mu tsara aikin shekara.

Da kaka, watau Oktoba da Nuwamba, ƙudan su kan rabu su fita neman sabon gida. Lokacin kafa amya ke nan. A shafa kaki a ciki domin ƙanshinsa ya jawo su. Wanda ya sami hali ya sa kafinta ya yi masa akwati mai sanduna a bisa, irin wanda a ke kira amyar Kenya. Faɗin kowace sanda milimita 32 ne, ƙudan kuwa su kan rataya saƙa ɗaya a kowace, har mutum ya iya ɗagawa ya duba ba tare da ya fasa gidan ba. Sai dai ƙudanmu mafaɗata ne. A unguwa mai cunkoso kamar Tudun Wada kada a kafa kusa da hanya, ko rijiya, ko turken awaki. In bayan gida ƙunci gare shi, gara a kai gona a bayan gari.

Da hunturu abu uku a ke nema. A juya bakin amya kada ya fuskanci iskar arewa maso gabas. A share ciyawa kewaye saboda gobarar daji. A ajiye ruwa a kasko da 'yan duwatsu a ciki, domin su sha kada su nutse.

Da bazara a ke ɗiban zuma, nan ne kuwa a ke yin babbar ɓarna. Mutum ya hau da dare da baƙin wuta, ya ƙone ƙudan, ya kwashe kome. Hayaƙi kaɗan ya isa. A yanki saƙar da aka rufe da kaki kaɗai, gama ita ce ta nuna. A bar wadda ke da 'ya'ya, a bar musu kuma rabonsu na zuma. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Kafin ruwa ya kankama sai a yi irin shirin da Bature ke yi wa sanyi. A yi wa amya jinka ko a ɗora kwano, a ɗan karkata ta gaba kada ruwa ya kwanta ciki. A sa ƙafafun gadonta cikin gwangwanaye da baƙin mai saboda kwarkwasa. A rage bakin ƙofa, a cire tsohuwar saƙa wadda ƙudan suka bari, don a ciki asu ke ƙwai. In an ɗaga amya cikin Agusta an ji ba nauyi, a dama sukari gwangwani ɗaya da ruwa gwangwani ɗaya, a sa musu ciki da maraice. In ba haka ba, su kan watse su bar gida wofi.

'Yan'uwana malamai, idan an tura mu makarantu, bari mu sa yara su riƙa rubuta ranar da kowane itace na garinsu ya yi fure. Cikin shekara biyu za su sami kalandar da ta fi ta littafi amfani a gare su.