Garaɓasar caca a waya: Wa za ka kai wa ƙara?

Ko a gidan kallon ƙwallo a Birnin Kudu kake ko a majalisa a Gwaram, ka ga tallan nan a Facebook: zuba N5,000, a ƙara maka N5,000. To, garaɓasar da sharaɗinta. In aka ce sai ka juya ta sau 10, sai ka buga cacar N50,000 kafin ka cire ko kwabo. Wa'adi ya cika ba ka kai ba, ita da ribarta sun tafi.

In an hana ka kuɗinka fa? A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. A Jigawa kuwa Shari'a ta haramta caca. Wajen Hisbah za ka kai kuka? Kuɗin rajistar makarantarka ne fa, ɗan'uwa.