Tattalin Lokaci a Jarrabawar Haɗa Kwamfutoci a Aikace

Manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san yadda ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, yake isa gona: daga babbar magudana ya shiga ƙananan magudanu, sannan ya kai ga shuka. Idan babbar ta toshe, duk gyaran da aka yi wa ƙananan ya tashi a banza. Haka saƙonni suke tafiya tsakanin kwamfutocin da aka haɗa, kuma wannan tsari ne ya kamata ɗalibi ya bi wajen raba lokacinsa a jarrabawar aikace.

Yanayin Jarrabawar

Fitacciya a wannan fanni ita ce CCIE, wadda kamfanin Cisco na Amurka ya ƙirƙiro a 1993. Da farko kwana biyu ake yi ana gwajin, sai a 2001 aka mayar da shi yini ɗaya na awa 8. A tsarin da aka fito da shi a 2020, an ware awa 3 domin tsara hanyar sadarwa, inda ba a komawa tambayar da aka wuce, da kuma awa 5 domin ginawa da gyara da ingantawa. Ɗalibin da ya fito daga makaranta irin Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara yana iya samun isasshen ilimi, amma ya faɗi saboda agogo ya riga shi. Wannan kuwa asara ce ta kuɗi mai yawa da watannin shiri.

Yadda Ake Raba Lokaci

Awa 5 minti 300 ne. Ɗalibi yana iya ware minti 20 ya karanta umarni da taswirar na'urori, ya ajiye minti 40 na ƙarshe domin bita, sannan ya raba sauran 240 bisa nauyin makin kowane aiki.

Sai ya fara daga tushe: haɗin na'urori da lambobin adireshinsu, sannan hanyoyin da saƙo zai bi, daga baya tsaro. Da zarar ya gama mataki, ya gwada shi da umarnin ping, wanda yake tura ɗan saƙo ya jira amsa. Dalili kuwa shi ne, kuskuren lamba ɗaya da aka gano nan take minti guda yake ci, amma idan an ɗora ayyuka goma a kansa, nemansa yana iya cinye awa guda.

Idan wani aiki ya cije, kuma sauran ba su dogara da shi ba, ya rubuta lambarsa ya wuce, ya dawo daga baya. Haka nan ya riƙa adana saiti a kai a kai, domin saitin da ke aiki yana zaune ne a ma'adanar wucin gadi, yana ɓacewa idan na'ura ta mutu.

Kammalawa

Sauri a hannu daga maimaici yake zuwa. Malamai suna iya amfani da manhajar Packet Tracer, wadda take kwaikwayon na'urorin a kwamfuta ɗaya, su ba ɗalibai aiki da agogo a gabansu, su ɓoye kuskure a cikin saiti domin a nemo shi. Wanda ya saba da haka tun daga sakandare, ranar jarrabawa ba zai firgita ba.