Sun Koyi Namu, Mu Fa?

'Yan'uwa, daga kasuwar Jega zuwa gonakin albasa na Aliero har Maiyama, da wuya mu ji yaro ya ce Rashanci zai karanta a jami'a. Jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 ta kimiyya da fasaha ce. Mai son Rashanci sai ya nufi Ibadan ko Legas.

Su kuwa can ba su raina namu ba. Tun 1963 aka buga ƙamusun Hausa da Rashanci a Mosko ƙarƙashin Farfesa Olderogge, kuma an daɗe ana koyar da Hausa a Jami'ar Warso ta ƙasar Polan.

Mu tuna, a shekarar 863 Siril da Metodiyus suka isa Morabiya da haruffan da suka tsara wa Silabawa, dangin Rashawa, domin su karanta Littafi Mai Tsarki da harshensu, kamar yadda muka sami namu da Hausa a 1932.

Da yaƙi ya ɓarke a Yukiren a 2022, ɗaliban Nijeriya sun yi gudun ceton rai, tambayar hanya ma sai da harshe. Iyaye, kafin mu tura ɗa karatun likita can, mu tabbata ya koyi harshen mutanen. Baƙon da ba ya jin harshen gari, da shi da kurma ɗaya ne.