Sababbin Magungunan Ciwon Damuwa Sun Buɗe Kasuwa Mai Tsada

Kasuwar magungunan ciwon tsananin damuwa ta shiga sabon yanayi, bayan da kamfanonin Amurka suka fito da magungunan da ke bin wata hanya dabam a cikin ƙwaƙwalwa.

Tun daga 1987 da aka amince da Prozac na kamfanin Eli Lilly, akasarin magungunan wannan ciwo suna aiki ne a kan sinadarin serotonin. Sukan ɗauki makonni kafin majiyyaci ya ji sauƙi, kuma wasu ba sa samun waraka ko kaɗan. Da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kamfanoni da dama suka shiga sarrafa su, farashi ya faɗi, riba ta ja baya.

A 2019 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da Spravato na kamfanin Johnson & Johnson. Ana fesa shi ne a hanci, an kuma samo shi daga ketamin, maganin sa barci da ake amfani da shi wajen tiyata. Yana aiki ne ta hanyar sinadarin glutamate, har wasu kan ji sauƙi cikin yini ɗaya. Sai dai a asibiti kawai ake ba da shi, kuma dole a lura da majiyyaci na sa'o'i 2 saboda hauhawar jini da gushewar hankali. Duk da haka, cinikinsa ya haura dala biliyan 1 a 2024.

A 2023 aka amince da Zurzuvae na kamfanonin Sage da Biogen domin matan da damuwa ke kamawa bayan haihuwa. Kwana 14 ake shan sa, an kuma sa masa farashin dala 15,900. Amma hukumar ta ƙi yarda a ba da shi ga sauran masu ciwon damuwa, lamarin da ya sa hannun jarin Sage ya faɗi da kusan rabi a rana guda. A 2025 kamfanin Supernus ya saye Sage.

Ga masu shigo da magunguna Nijeriya, inda yawancin jama'a ke biyan kuɗin magani daga aljihunsu, rajistar NAFDAC da tsadar dala na nufin tsofaffin magunguna masu rahusa irin su fluoxetine da amitriptyline ne za su ci gaba da riƙe kasuwa har wa'adin haƙƙin mallakar sababbin ya ƙare.