Shirin Musamman: Yaushe Wutar Sola Za Ta Hau Wayar KEDCO a Ƙasar Gumel?

Yau muna Ɗanzomo, a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, masarautar Gumel, kuma zancen wuta ne ya kawo mu.

Ku tuna watan Oktoba na 2024. An lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sai Kano da Katsina da Jigawa, wato duk yankin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, suka yi kwana da kwanaki cikin duhu. Mai walda ya zauna, mai ƙanƙara ya rufe firji. Amma rana ba ta fasa fitowa ba. Rijiyar burtsatse mai sola tana turo ruwa, mai cajin waya yana ciniki da farantinsa a kan rumfa. Wuta tana nan, masu sauraro, wuta tana nan, sai dai kowa da tasa, ba mai iya tura wa maƙwabci.

To, abin da ya ja hankalina yana Zawaciki, a Kumbotso ta Kano. Can kamfanin Bagaja Renewables ya kafa tashar sola mai megawat 1, aka haɗa ta da wayoyin KEDCO na unguwar. Waya ɗaya ce, mita ɗaya ce. Da rana sola ke ɗaukar unguwa, in wutar KEDCO ta zo a karɓa.

Kuma ku lura da aikin da batir zai iya yi a irin wannan tsari. Garin da ke ƙarshen layi ya san wutar da ke zuwa a gajiye, ƙwai ya yi ja, fanka ta kasa juyawa. Batir da inbata, in an ajiye su kusa da taransifoma, suna cike giɓin, su daidaita ƙarfin wutar, su rage wa layi nauyi da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa. A ƙasar Gumel kuwa, ga tashar raba wuta a Gagarawa, ga kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis. Masu saye suna nan.

Doka ma ta ba da hanya: hukumar kula da lantarki ta NERC ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi a 2016, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Sai dai a 2016 ɗin an sa hannu da kamfanoni 14 kan manyan tashoshin sola, har da a Jigawa, mun ji shiru. Shi ya sa na fi yarda da ƙarama wadda ido zai gani.

Lokaci ya ƙure mana. Gwamnatin Jigawa, KEDCO, shugabannin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel: ku zaɓi layi ɗaya a ƙasar Gumel ku gwada irin na Zawaciki. Mu kuma jama'a, mu biya kuɗin mita, mu tsare taransifoma.